Hular Kwano da Shingen Bincike: Yadda Zato Ya Hau Bayan Ɗan Acaba

Ranar Alhamis 11 ga Yunin 2009, wani ayarin masu babura ya ɗauki hanyar maƙabarta a Maiduguri. Mabiya Muhammad Yusuf ne, za su binne 'yan uwansu da suka rasu a haɗarin mota. Jami'an Operation Flush, rundunar haɗin gwiwar soja da 'yan sanda da aka kafa a zamanin Gwamna Ali Modu Sheriff domin yaƙi da fashi, suka tare su saboda ba su sa hular kwano ba. Cacar baki ta kaure, aka buɗe wuta, aka jikkata mutum 17. Bayan nan Yusuf ya yi wa'azin da ya kira buɗaɗɗiyar wasiƙa ga gwamnati, cike da barazana. Ranar 26 ga Yuli tarzoma ta ɓarke daga Bauci ta bazu zuwa Borno da Yobe da Kano, ranar 30 ga watan kuma aka kashe Yusuf a hannun 'yan sanda.

Zai zama rashin adalci ga tarihi a ce hular kwano ce ta haifi Boko Haram. Ƙungiyar ta daɗe tana gina aƙidarta, ta daɗe tana takun saƙa da hukuma, kuma da wuya a ce da ba a tare ayarin ba da zaman lafiya ya ɗore. Abin lura shi ne inda ashanar ta kama: a bakin titi, tsakanin jami'i mai bindiga da mutumin da ke kan babur, a kan wata ƙaramar dokar hanya. A wannan bakin titin ne, cikin shekaru ashirin ɗin da suka gabata, babur ya rikiɗe daga abin hawa ya koma shaida a kan mai shi. Da farko ana tsayar da mutum saboda abin da ya yi, daga baya saboda abin da yake hawa, a ƙarshe saboda garin da ake jin ya fito.

Acaba ɗan talauci ne. Bayan gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta ɓullo da shirin gyaran tattalin arziki na SAP a 1986, darajar naira ta faɗi, mota da kayan gyaranta suka yi tsada, motocin haya na birane suka ragu, masana'antu suka sallami ma'aikata. Wanda yake da babur ya gane cewa zai iya ɗaukar mutum ya karɓi kuɗi. A Kudu aka kira sana'ar okada, sunan da aka aro daga kamfanin jiragen sama na Okada Air, don raha a kan yadda babur yake ratsa cunkoso kamar mai tashi sama. A Arewa aka ce acaba, a wasu wurare kabu-kabu, har cikin Jamhuriyar Nijar. Da baburan Sin irin su Jincheng suka cika kasuwa da arha, sannan Bajaj na Indiya ya biyo baya, sai sana'ar ta zama mafakar duk wanda noma ya kasa riƙewa ko makaranta ta yaye ba aiki. 'Yan siyasa da kansu suka riƙa raba babura a matsayin tallafi, musamman idan zaɓe ya matso. Da yawan baburan da aka zo ana kamawa daga baya, hannun gwamnati ne ya miƙa su.

Takunkumin farko ba shi da alaƙa da ta'addanci. A 2005 gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau a Kano ta hana 'yan acaba ɗaukar mata, aka kawo babura masu ƙafa uku, waɗanda har yau suke amsa sunan shirin gwamnatin, A Daidaita Sahu. A ranar 1 ga Oktoban 2006 Nasir El-Rufai, yana ministan Abuja, ya kori acaba daga tsakiyar birnin. Daga 1 ga Janairun 2009 kuma Hukumar Kiyaye Haɗura ta Ƙasa ta fara tilasta sa hular kwano ga direba da fasinja. Hular ta yi tsada, fasinjoji da yawa suka ƙi sa wadda wani ya cire, wasu don tsoron cutar fata, wasu don raɗe-raɗin cewa ana sa asiri a ciki. 'Yan acaba a Kano da wasu garuruwa suka riƙa kifa ƙwarya a ka suna ɗaure ta da igiya, abin da ya kai har kafafen labarai na duniya suka yi ta dariya.

Dokar hular kwano tana da hujja mai ƙarfi, domin bugun kai ne yake kashe mafi yawan waɗanda babur ya kayar. Sai dai dokar da kusan kowa yake karyawa wata irin dukiya ce a hannun jami'i. Idan cikin mutum goma tara ba su da hula, jami'in ba zai iya tsayar da su duka ba, dole ya zaɓa. A nan ne zaɓin yake zama hukunci: wa za a ɗaga wa hannu ya wuce, wa za a karɓi na goro a hannunsa, wa za a ƙwace wa makulli. Mabiya Yusuf sun yi imanin cewa ana zaɓar su ne da gangan. Ko sun yi gaskiya ko ba su yi ba, tsarin bai tanadi wata hanyar da za a tabbatar ko a ƙaryata ba, domin babu wanda yake rubuta wa aka tsayar da dalilin tsayar da shi.

Daga 2010 al'amari ya sake fuska. Boko Haram ta dawo ƙarƙashin Abubakar Shekau, kuma salon kisanta a Maiduguri ya zama sananne: mutum biyu a kan babur, na gaba yana tuƙi, na baya yana harbi, sai su shige lungun da motar sintiri ba za ta bi ba. Haka aka riƙa ɗauke 'yan sanda da masu unguwanni da malamai ɗaya bayan ɗaya. A watan Yulin 2011 gwamnatin Kashim Shettima ta haramta babur baki ɗaya a Maiduguri da Jere, na haya da na gida. Malamin makaranta da ƙaramin ma'aikaci da mai kai burodi duk suka ajiye abin hawansu rana ɗaya tare da ɗan acaba.

Kano ta bi hanyar a hankali. Bayan hare-haren Juma'a 20 ga Janairun 2012, waɗanda suka hallaka aƙalla mutum 185, birnin ya cika da shingayen bincike. An taƙaita lokacin zirga-zirgar babura, kuma duk mai babur da ya doso shinge sai ya sauka ya kashe inji ya tura da ƙafa har ya wuce jami'ai, ko dattijo ne, ko cikin zafin rana ne. Mai mota yana zaune a mazauninsa, iyaka a ce ya buɗe but. Wannan bambancin ya zauna wa mutane a rai, musamman da yake manyan bama-baman da suka fi ɓarna a wancan zamanin, daga na hedikwatar 'yan sanda a Abuja a Yunin 2011 zuwa na ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya a Agustan shekarar, a cikin mota aka kai su. Ba a taɓa jin an ce masu motoci su fito su tura ba.

Ranar Asabar 19 ga Janairun 2013 'yan bindiga suka buɗe wa ayarin Sarkin Kano Alhaji Ado Bayero wuta. Sarki ya tsira, direbansa da dogarai suka rasu, 'ya'yansa biyu suka ji rauni. Cikin 'yan kwanaki gwamnatin Rabi'u Musa Kwankwaso ta hana goyo a kan babur a cikin birni, abin da ya kashe sana'ar acaba a Kano. Jos da Kaduna ma sun kafa nasu haramcin a wancan zamanin. A ƙetaren iyaka, gwamnatin Nijar ta hana hawa babur a jihar Diffa ƙarƙashin dokar ta-ɓaci a Fabrairun 2015, ta kuma maimaita a sassan Tillaberi daga farkon 2020.

Ya kamata a yi wa hukumomin wancan lokacin adalci. Ba ƙirƙirar barazanar suka yi ba. Babur ne kayan aikin makasan, kuma gwamnan da ake kashe masa mutane kullum a tsakiyar gari, ba shi da rajistar masu babura, ba shi da kyamarori, ba shi da 'yan sandan ciki da jama'a suka yarda da su, zaɓinsa kaɗan ne. Kanawa da yawa sun yi maraba da matakin, wasu don tsaro, wasu don gajiya da hayaƙi da ganganci da taron dangin da 'yan acaba kan yi wa direban mota idan an yi karo. Haramci irin wannan, duk da zafinsa, yana da wata fa'ida da ba a cika faɗa ba: a bayyane yake. An rubuta shi, an sanar da ranar farawa, ya hau kan kowa, ana iya suka a jarida ko a kai ƙara kotu.

Matsalar tana cikin lissafin da ke ƙarƙashinsa, wanda ya ci gaba da aiki a kan jami'ai bayan sanarwar ta tsufa. Cewa mafi yawan maharan a kan babur suke zuwa magana ce daban da cewa mafi yawan masu babur mahara ne, amma a bakin shinge sukan narke su zama ɗaya. A ƙaddara gari yana da masu babur dubu ɗari, a cikinsu akwai 'yan bindiga ɗari. Ko da kowane hari a kan babur aka kai shi, cikin duk mutum dubu da aka tsayar saboda babur kawai, 999 ba su san hawa ba ba su san sauka ba. Alamar da ta haɗa mai laifi ɗaya da marasa laifi 999 ba ta tace komai. Shi kuma ɗan bindiga yana da damar da talaka ba shi da ita, wato canza salo. Da aka kawar da babur daga Maiduguri hare-hare ba su ƙare ba, sun koma cikin motoci da Keke Napep, daga baya kuma a jikin 'yan mata da ƙananan yara da aka ɗaura wa bam. Kuɗin goron da aka yi ya tsaya ne a kan wanda ba shi da wata sana'ar da zai koma.

Ina suka tafi? Wasu sun karɓi A Daidaita Sahu a kan biyan balas na kullum, wasu sun koma ƙauye, da yawa kuwa suka loda baburansu a tirela suka nufi Kudu, inda har yanzu akwai fasinja. A can suka tarar da wata doka tana jiran su. A watan Agustan 2012 Gwamna Babatunde Fashola ya sa hannu a dokar hanya ta Legas, wadda ta hana okada bin tituna 475. Hujjar Legas ta fi karkata ga haɗura da fashi, kuma ba hujjar banza ba ce, tun da har laƙabin okada ake yi wa wani ɗakin jinya a asibitin ƙashi na Igbobi. Amma yayin da 'yan Arewa suka yi yawa a sana'ar, sai maganar babur ta cakuɗe da maganar baƙo. Kalmar aboki, wadda a Hausa girmamawa ce, ta koma sunan raini ga duk wanda ya yi kama da ɗan Arewa. Aka riƙa cewa ai ba ma 'yan Nijeriya ba ne, daga Nijar da Chadi da Mali suke. Babu shakka akwai 'yan waɗannan ƙasashe a cikinsu, sai dai jami'in da ke gadar Ojota ba shi da hanyar bambanta mutumin Maigatari da na Damagaram da ido, kuma sau da yawa bai damu ya bambanta ba.

Zaton ya yi kisa tun kafin ya kai Legas. A daren 20 ga Satumban 2013 sojoji da jami'an tsaro na farin kaya suka far wa wani kangon gini a unguwar Apo ta Abuja, suna cewa maɓoyar Boko Haram ce. Mutum takwas suka rasu, goma sha ɗaya suka ji rauni, akasarinsu masu tuƙa Keke Napep ne da ke kwana a wurin. A Afrilun 2014 Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa ta ce babu sahihiyar hujjar cewa 'yan ƙungiyar ne, ta umarci gwamnati ta biya diyyar naira miliyan 135. Bayan wata biyu sojoji suka tsare matafiya 486 'yan Arewa a jihar Abiya, suna kan hanyarsu ta zuwa Fatakwal.

Misalin da ya fi fito da al'amarin fili shi ne na Juma'a 30 ga Agustan 2019. Rundunar musamman ta jihar Legas ta tare wata babbar mota ɗauke da maza 123 da babura 48, sun taso daga Jigawa. Gwamnatin jihar ta sanar da kamun a shafinta na Twitter kamar wata nasara, tana bayyana tafiyar a matsayin haramtaccen kwararowar 'yan okada. Aka kai su wurin 'yan sanda, aka bincike su, ba a sami makami ko wani abin laifi ba, aka sake su. Ba a kama su suna bin titin da aka haramta ba, domin baburan suna cikin mota. Laifin da ake iya nunawa bai wuce na cusa mutane da kaya a mota ɗaya ba, wanda na direba ne. Abin da ya sa aka tsare su shi ne yawansu da kamanninsu da inda suka fito. Sashe na 41 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba kowane ɗan ƙasa 'yancin tafiya da zama a duk inda ya so a Nijeriya, sashe na 42 kuma ya hana nuna masa bambanci saboda ƙabila ko asalin gari ko addini. 'Yan sanda sun kira abin da suka yi tantancewa, kalma mai laushi, amma jerin matakan ya juye: an fara kamawa, sannan aka shiga neman dalili.

Kada ɗan Arewa ya ɗauka wannan halin Legas ne kaɗai. A dazuzzukan Zamfara da Katsina da Sakkwato, inda 'yan fashin daji suke tafiya a ayarin babura, soja ya sanar da hana hawa babur a yankunan karkara na jihohi bakwai a watan Mayun 2019, a Satumban 2021 kuma gwamnatocin yankin suka ƙara da taƙaita babura da hana sayar da fetur a jarka da rufe kasuwannin mako, har da katse layukan waya. A can wanda zato ya fi hawa shi ne Bafulatani a kan babur, ko da nono ya kawo kasuwa, kuma masu yi masa kallon ɓarawo Hausawa ne 'yan uwan waɗanda ake kira aboki a Legas. Ɗan fashin da ke da bindiga bai ajiye baburinsa don sanarwa ba. Manomin da zai kai matarsa mai naƙuda asibiti shi ya ajiye.

Doka ta zo ta yi magana a kan wannan, kuma tarihin lafazinta yana da ban sha'awa. A Ingila akwai wani sashe na dokar 1824 da ya ba ɗan sanda ikon kama mutum bisa zaton yana shirin aikata laifi, wanda aka riƙa amfani da shi a kan matasa baƙar fata. A Afrilun 1981 'yan sandan Landan suka tsayar da mutum 943 cikin 'yan kwanaki a yankin Birikston, suka kama 118, unguwar ta kama da wuta. Aka soke tsohon sashen, rahoton Mai Shari'a Scarman ya biyo baya, a 1984 aka yi sabuwar doka wadda ƙa'idojinta suka ce dole zato ya dogara ga wani abu takamaimai game da mutumin da ke gaban jami'i. Dokar 'Yan Sandan Nijeriya ta 2020, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Satumba, ta ɗauko kusan wannan lafazin. Sashe na 54 ya ce launin fata da shekaru da salon gashi da irin tufafi ba hujjar zato ba ne, haka ma tunanin da aka riga aka ƙulla cewa wasu mutane ko wani rukuni sun fi kusa da aikata laifi. Dokar ta kuma buƙaci jami'i ya faɗi sunansa da ofishinsa da dalilin binciken kafin ya fara, ya rubuta bayani bayan ya gama. Makonni kaɗan da sa hannun, zanga-zangar EndSARS ta ɓarke, kuma babban kokenta shi ne tsayar da matasa saboda gashi da waya da kwamfuta.

Abin takaici shi ne ko a cikin wannan guguwar muryar ɗan acaba ba ta fito sosai ba, alhali da wuya a sami wanda ya fi shi yawan tsayawa a gaban ɗan sanda a rana ɗaya. Matashin da aka tsayar saboda kwamfutarsa yana da Twitter, wani lokaci yana da lauya a dangi. Ɗan acaba yana da ƙungiyar da take karɓar kuɗin tikiti a hannunsa kowace safiya, kuma takan fi ƙwarewa wajen karɓa fiye da karewa. Lokacin da Gwamna Babajide Sanwo-Olu ya faɗaɗa haramcin daga 1 ga Fabrairun 2020, kamfanoni irin su Gokada da Max, masu direbobi da rajista da hular kwano biyu da na'urar bibiya, su ma ya rutsa da su. Wannan ya nuna cewa ko an cike giɓin rajistar da aka daɗe ana kafa hujja da shi, hukuncin bai canza ba.

A watan Mayun 2022 wasu gungun mutane, waɗanda aka ce 'yan okada ne, suka kashe wani matashi injiniyan sauti a Lekki suka ƙone gawarsa, a kan saɓanin kuɗin haya. 'Yan sanda sun kama waɗanda ake zargi da hannu, aka gurfanar da su, wanda shi ne aikin da doka ta tanada. Bayan wannan gwamnati ta sanar da cikakken haramci a ƙananan hukumomi shida daga 1 ga Yuni, kuma cikin kwanakin farko aka murƙushe dubban baburan da aka kama a gaban kyamarori. A watan Yuli, bayan harin gidan yarin Kuje, Ministan Shari'a Abubakar Malami ya fito daga taron Majalisar Tsaro ta Ƙasa ya ce ana duba yiwuwar hana babur a faɗin Nijeriya. Ba a aiwatar ba. A ƙauyukan da mota ba ta shiga da damina, babur ne yake kai buhun taki gona, shi yake kai ma'aikatan rigakafi, kuma a kansa ake ɗora akwatunan zaɓen da aka yi bayan wata bakwai.